Kura da Shan Bugu: Dalilin da Ya Sa Nake Tara Tamburan Kumbunan Dako

Gabatarwa

A bangon ofishina, daura da akwatin gilashin da muke ajiye busassun ƙwari, akwai wani allo da na lulluɓe da baƙin yadi, na kafe waɗansu 'yan ƙyallaye masu surfani a kansa. Kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma kamanninsu ɗaya da bajon da ake ɗinka wa ɗan makaranta a aljihun riga. Tambura ne na tafiye-tafiyen sararin samaniya, kowace tafiya da nata. Sai dai nawa duk na kumbunan dako ne, wato waɗanda ke kai abinci da ruwa da kayan bincike zuwa tashar sararin samaniya ba tare da mutum ko ɗaya a cikinsu ba.

Wata rana wani abokin aikina da ya girme ni ya tsaya ya ƙura wa allon ido, sa'an nan ya ce, "Dakta, da girmanka ka koma tara bajo kamar ɗan firamare? In ma tarawar ce, ina na waɗanda suka taka wata? Ka rasa abin tarawa sai na jirgin da babu kowa a ciki?" Na yi dariya a lokacin, amma tambayar tasa ta cancanci amsa, domin ta taɓo wani ciwo da ya daɗe yana damun yadda muke kallon kimiyya, da yadda muke koyar da ita. Ra'ayina shi ne, tara waɗannan tambura, in an yi shi bisa ƙa'ida, hanya ce ta adana tarihin ɓangaren kimiyya da aka fi mantawa da shi alhali kuwa a kansa komai ya dogara, wato aikin dako.

Asalin tambarin tafiya

Al'adar ta samo asali ne daga sojojin sama, waɗanda daga cikinsu aka ɗebi 'yan sama jannati na farko. A shekarar 1963 Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet, mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta tafi da hoton kurciya da aka yi wa surfani a rigarta ta ciki. A Amurka kuwa, Gordon Cooper da Pete Conrad ne suka fara, a tafiyar Gemini 5 ta watan Agusta na 1965. Sun zana keken dawaki mai rumfa, irin wanda Turawan da suka nausa yammacin ƙasar suke loda kayansu a ciki, tare da wani take mai nuna cewa lallai sai sun cika kwana 8. Shugaban hukumar NASA na lokacin, James Webb, ya sa aka rufe taken da ƙyalle, don gudun abin kunya idan tafiyar ta katse. Mai karatu zai lura cewa tambarin Amurka na farko hoton abin dako ne.

Har ila yau, tambarin da ya fi kowane shahara, na Apollo 11 a 1969, ba ya ɗauke da sunan ko ɗaya daga cikin mutum 3 da suka yi tafiyar. Su da kansu suka zaɓi haka, domin tambarin ya wakilci dubban mutanen da suka yi aikin daga ƙasa. Ashe tun farko masu abin sun san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu 'yan kallo ne muka mayar da labarin na jarumai kaɗai.

Su wane ne 'yan dakon?

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400, kuma tun watan Nuwamba na 2000 ba ta taɓa rabuwa da mutane ba. A idon mai nazarin halittu, tashar tamkar ɗan tayi ce a cikin mahaifa: ba ta iya samar wa kanta abinci, ba ta kuma iya zubar da ƙazantarta, sai ta hanyar igiyar da ta haɗa ta da uwa. A 2023 hukumar NASA ta ba da sanarwar cewa na'urorin tashar sun kai ga tace kashi 98 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi, har da fitsari da gumi, a sake sha. Amma abinci da tufafi da magunguna da kayan gyara da man da ake ɗaga tashar da shi idan ta yi ƙasa, duk daga doron ƙasa suke zuwa. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kumbunan dako suka daina zuwa, cikin 'yan watanni dole a kwaso mutane a rufe ƙofa.

Babban yayansu shi ne Progress na Rasha, wanda ya fara tashi daga Baikonur a watan Janairu na 1978 zuwa tashar Salyut 6. Yana ɗaukar kaya wajen tan 2 da rabi, ya kuma yi tafiya fiye da sau 170. Ƙasashen Turai sun aika nasu mai suna ATV sau 5 tsakanin 2008 da 2014, kowanne da sunan wani fitaccen mutum: Jules Verne, Johannes Kepler, Edoardo Amaldi, Albert Einstein da Georges Lemaître. Japan ta aika Kounotori sau 9 tsakanin 2009 da 2020. Sunan wani tsuntsu ne dangin shamuwa, wanda ake yi wa kallon mai kawo alheri. Daga Amurka akwai Dragon na kamfanin SpaceX, wanda ya fara isa tashar a watan Mayu na 2012, da Cygnus, mai sunan wani tsuntsun ruwa dangin ɗinya, wanda ya fara a 2013. Ƙasar Sin ma tana da nata, Tianzhou, tun 2017, mai yi wa tasharta hidima.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ban da Dragon, duk sauran ba su dawowa. Idan aka sauke kayan da suka kawo, sai a cika su da shara, a sake su, su ƙone ƙurmus a cikin iska a saman kudancin tekun Fasifik. Kumbon Apollo 11 yana nan a gidan tarihi a birnin Washington, kowa na iya zuwa ya gani. Amma babu gidan tarihin da zai taɓa nuna maka Jules Verne, ko wani Progress da ya ciyar da mutane watanni. Abin da ya rage daga irin wannan tafiya shi ne rahotanni a cikin kwamfuta, da hotuna, da ɗan ƙyallen nan. Shi kaɗai ne ake iya riƙewa a hannu.

Abin da ƙyalle ke tunatarwa

Tambarin farko da na mallaka wata abokiyar bincike ce ta ba ni kyauta a wani taron masana a ƙetare. Na tafiyar Dragon ce ta watan Satumba na 2014, wadda ake kira CRS-4. Da na koma ɗakina na bincika abin da kumbon ya ɗauka, sai na tarar akwai ɓeraye 20 a ciki. Dalilin kai su kuwa babba ne. A inda babu nauyi, ƙasusuwan da ke ɗauke da jikin mutum suna rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙwarinsu a kowane wata, tsoka kuma tana tsukewa. Wannan shi ne abin da ke samun tsofaffinmu cikin shekaru masu yawa, amma a can yana faruwa da gaggawa, don haka ana iya nazarinsa a jikin ɓera cikin makonni.

Shi wannan kumbon ya dawo, ya faɗa teku, aka tsamo shi, aka gyara, aka sake harba shi ranar 3 ga Yuni, 2017, a tafiyar CRS-11. Shi ne Dragon na farko da aka yi amfani da shi sau biyu. A wannan karon ya ɗauki ɓeraye 40 don gwajin wani maganin raunin ƙashi. Bugu da ƙari, a cikin kayansa akwai waɗansu ƙananan taurarin ɗan'adam guda 5, kowanne santimita 10 ta kowane gefe, waɗanda ɗalibai suka ƙera a Cibiyar Fasaha ta Kyushu da ke Japan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta Nijeriya suka sa hannu a aikinsa. Wani kuma shi ne GhanaSat-1, tauraron Gana na farko. A watan Yuli na wannan shekarar aka sake su daga sashen Japan na tashar. Na tambayi ɗalibaina 'yan aji uku ko akwai wanda ya taɓa jin labarin, ba a sami ko ɗaya ba. Yanzu kuwa duk wanda ya shigo ofishina ya nuna wannan tambari da yatsa, sai ya fita da labarin.

Akwai wani da nake ji da shi ƙwarai, na tafiyar Cygnus ta ranar 7 ga Nuwamba, 2022. Ɗaya daga cikin fikafikansa biyu masu tara hasken rana ya ƙi buɗewa, amma duk da haka ya isa. A cikin kayansa akwai irin dawa, dawar nan dai da muke tuwo da ita, wanda hukumar makamashin nukiliya ta duniya da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka aika. An ajiye wani kashi a cikin tashar, wani a wajenta, inda haskoki masu ƙarfi na sararin samaniya da matsanancin zafi da sanyi za su same shi. Manufar ita ce a ga ko hakan zai haifar da sauyi a ƙwayoyin gadonsa, har a dace da irin da zai jure fari da zafi. A watan Afrilu na 2023 Dragon ya dawo da irin, aka wuce da shi ɗakunan gwaji na Seibersdorf a ƙasar Ostiriya. Kumbo ɗaya ya kai, wani ya dawo da shi, kuma babu ɗan sama jannatin da ya raka shi a hanya.

Su ma sunayen da ake raɗa wa Cygnus darasi ne. Wanda ya tashi ranar 20 ga Fabrairu, 2021 an sa masa sunan Katherine Johnson, baƙar fata masaniyar lissafi wadda ta tantance lissafin tafiyar John Glenn ta ranar 20 ga Fabrairu, 1962. Duniya ta san Glenn tun daga ranar; ita kuwa sai da ta tsufa aka fara ambatonta. Ban ga sunan da ya fi dacewa da kumbon dako ba.

Hujjojin masu suka

Ba zan ɓoye cewa masu sukar wannan sha'awa suna da abin faɗa ba. Na farko, sun ce tambari talla ce kawai. Akwai gaskiya a ciki. Sau da yawa tafiya ɗaya takan sami tambari biyu, na hukuma da na kamfani, kuma kowane kamfani kansa yake yabo. A 2016 ma cibiyar da ke kula da binciken Amurka a tashar ta fitar da tambari mai ɗauke da 'yan wasan zane na kamfanin Marvel, don jan hankalin yara. Amsata ita ce, kuɗin da sarakuna suka buga da kan sarki na wasiƙa su ma yabon kai ne, amma masana tarihi ba su watsar da su ba. Sukan karanta su da idon basira, su ga abin da aka nuna da abin da aka ɓoye. Alal misali, tamburan SpaceX suna ɗauke da wani ɗan tsiro mai ganye huɗu wanda Turawa ke camfa shi da sa'a, al'adar da ta faro bayan rokarsu ta farko ta faɗi sau 3 kafin ta yi nasara a karo na huɗu, a watan Satumba na 2008. Wanda ya san wannan ya san cewa injiniyoyi ma mutane ne masu fargaba.

Na biyu, sun ce tambari labarin nasara kaɗai yake bayarwa. Wannan ya dogara ga mai tarawa. Ana zana tambari tun kafin a tashi, don haka har tafiyar da ta lalace tana da nata. Ranar 28 ga Oktoba, 2014 rokar da ke ɗauke da Cygnus ta fashe daƙiƙoƙi kaɗan bayan tashi daga tsibirin Wallops. A watan Afrilu na 2015 wani Progress ya ƙwace, ya yi ta juyi har ya faɗo ya ƙone. Ranar 28 ga Yuni, 2015 rokar da ke ɗauke da Dragon ta tarwatse a sama. Kumbuna 3 ke nan cikin wata 8, kuma a cikin kayan da aka yi asara har da gwaje-gwajen 'yan makaranta. Abin da ya ceci tashar shi ne tanadin da aka yi tun farko, da kuma kasancewar ba hanya ɗaya aka dogara da ita ba: wani Progress ya isa a watan Yuli, Kounotori ya biyo baya a watan Agusta. Na ware wa waɗannan tafiye-tafiye layi guda a allona, kuma daga nan nake fara yi wa ɗalibai bayani.

Na uku, kuma mafi nauyi, sun ce a ƙasar da ɗakunan gwaji ke kukan rashin sinadarai, malami ya kashe kuɗin waje a kan ƙyalle almubazzaranci ne. Na yarda da rabin wannan magana. Wanda ya mayar da abin gasar saye, yana bin gwanjo a intanet da kuɗin cefanen gidansa, ya ɓata hanya. Amma rashin sinadaran nan shi ne ainihin abin da ya sa nake ganin darajar allon.

Dakon da ya gagare mu

Shekarun baya na sa wata ɗalibata aikin da ke bukatar wani sinadari wanda dole ya zauna cikin sanyi daga inda aka yi shi har zuwa hannunmu. Mun yi oda, muka jira watanni. Da ya iso, ƙanƙarar da aka naɗe shi da ita ta daɗe da narkewa a wani sito a hanya, sinadarin ya mutu. Yarinyar ta yi asarar damina guda, domin tsirran da za ta auna ba su jira. Ilminta bai gaza ba, tunanin aikin ma bai gaza ba. Dako ne ya gaza.

A wancan lokacin kuma akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwajinmu, wanda idan wuta ta ɗauke, janareta kuma ba mai, yakan hau kekensa ya sayo ƙanƙara a gari ya jera a cikin firiza, don kada ƙwayoyin halittar da muke reno su mutu. Kundayen digiri da yawa sun fito daga wannan firiza. Na duba shafin godiya na da dama daga cikinsu, ban ga sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muna koya wa ɗalibai cewa kimiyya basira ce da ke faɗo wa haziƙi shi kaɗai. Ba mu cika gaya musu cewa bayan kowane sakamako akwai direba da mai kula da sito da mai gyaran na'ura da mai wanke kwalabe ba. Shi ya sa idan suka zama shugabanni sukan gina dogon bene su sa masa suna, su manta da kasafin man janareta. Ƙasashen da suka riƙe mutane a sararin samaniya fiye da shekara 20 ba yankewa, da jadawalin dako suka yi haka, kumbo na bin kumbo. Har sun ga ya kamata kowace tafiyar kaya ta sami tambarinta kamar yadda ta mutane ke samu. Wannan girmamawa ita nake so ɗalibaina su gani da idonsu.

Yadda ya kamata a tara

Duk wanda ya yi ajin nazarin tsirrai ya san ƙa'idar ma'ajiyar busassun ganyaye: samfurin da ba shi da takardar bayani shara ne, komai kyansa. Haka tambari yake. A ƙarƙashin kowanne nakan rubuta sunan tafiyar, da ranar tashi, da wurin da aka harba, da rokar da ta ɗauke shi, da muhimman kayan da ke ciki, da yadda tafiyar ta ƙare. Nakan ƙara da inda na samo shi, da kuma ko na asali ne ko kwaikwayo. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin jabu sun cika kasuwa. Mallakar kwaikwayo ba laifi ba ne. Laifin shi ne a kira shi na asali. A kuma nisanta su daga hasken rana da laima, a kiyaye su daga gara da asu, kamar yadda ake yi wa akwatin ƙwari.

Wanda ba shi da halin saye ba a bar shi a baya ba. Hukumomin suna wallafa hotunan tamburan, ana iya bugawa a takarda a liƙa a littafi. Darajar tarin tana cikin bayanin da ke ƙasa, wanda ba ya cin ko kwabo sai ƙwazo. Ina ba ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare shawara su gwada: kowane yaro ya ɗauki tafiya ɗaya, ya binciko abin da ta kai, ya zo ya gaya wa 'yan uwansa.

Kammalawa

Hukumar NASA ta tsara kawo ƙarshen aikin tashar ƙasa da ƙasa wajen 2030, inda ita ma za a sauko da ita ta ƙone a saman teku, kamar 'yan dakonta. Ranar da haka ta faru, allunan masu tarawa za su zama cikin 'yan abubuwan da za a iya taɓawa daga wannan zamani.

Sai dai ba na so mu tsaya ga tara na wasu. Muna da gwanayen surfani a kasuwanninmu waɗanda hannunsu bai gaza na kowa ba. Me zai hana kowane sashe, idan zai fita aikin daji ko zai fara wani dogon bincike, ya zana tambarinsa, a ɗinka, a ba kowa nasa, tun daga farfesa har direba da mai dafa abinci? A kuma ajiye ɗaya a sashen, da takardar bayaninsa mai ɗauke da sunan kowa. Abokin aikin nan nawa da ya yi mini ba'a, da na kawo masa wannan shawara, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya tambaye ni ko na san inda dattijon nan mai keke yake zaune tun da ya yi ritaya. Na ce na sani. Mun yi alkawarin tambarin farko da za a ɗinka, mu biyu za mu kai masa har gida.